Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Likita Kan Zugin Jijiya

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, tunda yanzu marasa lafiya sun fara zama a gabanki, ina so in ja hankalinki kan mutumin da zai zo yana kukan zugi alhali rauninsa ya daɗe da warkewa, wani ma har ya kasa jure mayafi ya taɓa wurin da dare. Kada ki ɗauke shi mai raki, domin ciwonsa yana da tushe a jiki.

Idan jijiya ta yanke ko ta matsu, ƙwayoyin garkuwar jiki, musamman makirofaj, sukan yi dafifi a wurin su kwashe ɓangaren da ya mutu, kuma ba don su ba da wuya jijiyar ta sake tofowa. Sai dai sinadaran kumburi da suke fitarwa, irin su TNF, suna sa jijiyoyin da suka rage su riƙa aika saƙon ciwo ko da abin da ya taɓa su bai taka kara ya karya ba. A cikin laka kuma akwai maikirogiliya, wato ƙwayoyin garkuwa na laka da ƙwaƙwalwa. A 2003 masu bincike a Japan sun nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan ƙwayoyi suna farkawa bayan raunin jijiya, kuma idan aka toshe wata kafa tasu mai suna P2X4, sai zugin ya lafa. A 2005 aka gano a Kanada cewa sinadarin BDNF da suke saki yana raunana birkin da laka take taka wa saƙon ciwo, shi ya sa shafa kawai take zama azaba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken 2015, shi ma daga Kanada, wanda ya nuna cewa matan ɓeraye ba sa dogara da maikirogiliya kamar mazan, alamu sun fi karkata ga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T. Ɓera ba mutum ba ne, amma wannan ya isa ya sa ki saurari koken mata da kunnen basira.

Farasitamol da ibufirofen ba kasafai suke kashe irin wannan zugi ba. Amitiriftilin, duloksetin da gabafentin sun fi dacewa; ki fara da kaɗan, ki kuma shaida wa mara lafiya cewa sauƙin yakan ɗauki makonni. Ki yi taka-tsantsan da taramadol, kin dai ga yadda ta yi wa matasanmu illa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa waraka a hannunki.

Mahaifinki