Wasiƙa zuwa ga aminina a Mancesta, kan godiya da gajiyar zuciya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya sanyi, yaya aikin dare? Mutanen gida duk lafiya, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Ka ce aikin jinyar da ka daɗe kana nema ya samu, albashi na shiga, yara na makaranta, amma zuciya ta ƙi yin fari, har kana ganin kamar butulci kake wa Ubangiji. Ka kuma ce majinyatan da a da kake kwana da tunaninsu, yanzu kukansu bai cika taɓa ka ba. Ka cire batun butulci daga ranka tukuna. Abubuwan nan biyu masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarinsu, kuma kowanne akwai abin yi a kansa.

Na farkon sabo ne. Zuciya da sabon abu take murna, wanda ya zauna kuwa sai ta daina ganinsa. Watan farko albashi abin farin ciki ne, wata na shida ya koma kuɗin haya da na wuta. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci manyan kuɗaɗen caca, suka kwatanta su da mutanen unguwanninsu da ba su ci komai ba. Bambancin farin cikinsu bai taka kara ya karya ba, kuma masu kuɗin ba su kai sauran jin daɗin ƙananan abubuwa ba, irin su karin kumallo da hira da aboki. Binciken ƙarami ne, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Talauci yana cin rai, fita daga cikinsa kuma sauƙi ne na gaske. Abin da binciken ya nuna shi ne ni'ima ba ta tuna wa mutum da kanta, sai ya waiwaye ta da gangan.

Waiwayen nan an gwada shi. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun fitar da sakamakon gwajin da suka raba ɗalibai kusan 200 gida uku. Tsawon makonni 10, sau ɗaya a mako, kashi na farko na rubuta abubuwa 5 da suke godiya a kansu, na biyu abubuwa 5 da suka ɓata musu rai, na uku kuma duk abin da ya faru da su. Masu godiyar sun fi ganin rayuwarsu da kyau, sun fi kyautata zaton makon gaba, sun rage ƙorafin ciwon jiki, har motsa jiki sun fi yi.

Ga yadda za ka yi. Ka samu ƙaramin littafi da biro, ba waya ba, don wayar za ta ja ka cikin WhatsApp kafin ka gama layin farko. Makon farko, kowane dare kafin ka kwanta (in aikin dare kake, kafin barcin safe) ka rubuta abubuwa 3 da suka tafi daidai a ranar, kowanne da dalilinsa. Haka Martin Seligman da abokansa suka sa mutane yi a binciken da suka wallafa a 2005, kuma bayan wata 6 amfanin bai gushe ba, musamman ga waɗanda suka ci gaba da kansu. Rubuta dalilin shi ne ƙashin bayan aikin. "Na gode Allah da lafiya" gaskiya ce, amma baki ya saba da ita, tana fita zuciya ba ta motsa ba. Rubuta irin wannan: "Abokiyar aiki ta karɓe ni minti 20 na yi sallar La'asar, alhali ita ma ba ta ci abinci ba." Kowane layi ya faɗi abin da ya faru, wanda ya yi shi, abin da ya rasa wajen yi, da nauyin da ya sauke maka.

Daga mako na biyu ka koma sau ɗaya a mako, minti 15, a ranar hutunka. A nan mutane da yawa ke ɓata aikin, suna zaton yawa shi ne albarka. Sonja Lyubomirsky ta sa wasu ɗalibai ƙirga ni'imomi sau ɗaya a mako, wasu sau 3, tsawon makonni 6. Masu sau ɗaya ne kawai suka ƙaru. Sabon da ya cinye daɗin albashi zai cinye daɗin littafin ma in ya zama aikin dole. Wannan bai shafi hamdalar da kake yi bayan salla ba, ita ibada ce, ba a yi mata awo. Rubutun nake nufi.

In ka ga kana maimaita abu ɗaya mako bayan mako, canja tambaya. Maimakon "me na samu", ka tambayi kanka: da wannan bai faru ba, ina nake yau? Ka zaɓi abu guda, misali haɗuwarka da maiɗakinka, ka rubuta hanyoyin da da lamarin ya wuce ku ba ku haɗu ba. Minkyung Koo da Daniel Gilbert da abokan aikinsu sun gwada wannan a 2008, suka ga waɗanda suka yi tunanin rashin abu sun fi jin daɗinsa a kan waɗanda suka ba da labarin samuwarsa kawai.

Ina so ka kiyaye abu ɗaya sosai: kada godiya ta zama murfin ciwo. In ana danne maka haƙƙi a wurin aiki, ko kewar gida na cin ka, cewa "ai wasu ko wannan ba su samu ba" ba ta warkar da komai, sai dai ta ƙara maka jin laifi a kan baƙin cikin. Ka gode a kan abin godiya, ka nemi gyara a kan abin gyara.

Cikin duk abin da Seligman ya gwada, wanda ya fi ɗaga zuciya nan take shi ne a rubuta wa wani da ya yi maka alheri wasiƙar godiya a kai masa. Tasirinsa na kai wata guda, kafin wata 3 ya dushe, don haka abu ne na maimaitawa lokaci-lokaci. Ka tuna wani malami ko ɗan'uwa da ya tsaya maka ba ka taɓa faɗa masa da baki ba. Shafi ɗaya ya isa, ka ambaci abin da ya yi filla-filla da inda ya kai ka. In dattijo ne da ba ya karatun boko, kira shi ka karanta masa. Za ka ji nauyi, na sani, mu ba mu saba yabon mutum a gabansa ba. Amma Amit Kumar da Nicholas Epley sun nuna a 2018 cewa masu aika irin wannan wasiƙa suna zuzuta kunyar da za a ji, suna kuma raina farin cikin da mai karɓa zai yi. Hadisi ma ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Batun kuɗin da kake turowa gida, wanda ka ce ya fara zame maka kamar haraji. A 2008 Elizabeth Dunn ta ba mutane dala 5 ko 20 a Kanada, wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma masu kyautar sun fi farin ciki, kuma yawan kuɗin bai canja komai ba. Sai dai kyauta ta fi daɗi in da son rai aka yi ta, aka kuma ga inda ta shiga. Ka yanke abin da za ka iya a wata, ka ware na wajibi kamar na Hajiya, sauran kai za ka zaɓi inda za shi, ka kuma nemi jin yadda ya yi amfani. In kason wata ya ƙare, ka ce sai wata mai zuwa, ba tare da dogon uzuri ba.

Yanzu majinyata. Tania Singer da Olga Klimecki a Jamus sun horar da mutane su riƙa jin ciwon wasu kamar a jikinsu yake, sai baƙin cikinsu ya ƙaru. Da aka horar da su su riƙa fuskantar mai ciwon da ƙauna da fatan sauƙi, baƙin cikin ya sauka, kuma wasu sassan ƙwaƙwalwa daban ne suka yi aiki. Wanda ke kwasar ciwon kowa yana zuba wa ransa, ƙarshensa zuciya ta rufe ƙofa don ta tsira, shi ne abin da kake ji. Kafin ka shiga wajen majinyaci ka tsaya, ka ja numfashi a hankali sau 3, ka ce a ranka ciwon nasa ne, aikina in rage shi. Ka yi masa addu'ar sauƙi a zuci, ka nemi abu ɗaya da hannunka zai iya: gyara matashi, kurɓin ruwa, bayanin abin da likita ya faɗa. In ka fito ka wanke hannu, nasa ya tsaya nan. Ranar da ka yi kuskure ko wani ya rasu a hannunka, ka yi wa kanka maganar da za ka yi wa ƙaramin ma'aikacin da abin ya sama. Wanda ke zagin kansa ɓoye kuskure yake koya, ba gyara shi ba.

Duk waɗannan suna taimako, amma ba magani ba ne. Da aka haɗa bincike 27 a 2021, an ga tasirin rubutun godiya a kan ciwon damuwa kaɗan ne. In ƙuncin ya kai makonni 2 kusan kullum, barci ko cin abinci ya rikice, abin da kake so ya daina burge ka, ka je wurin likitan da ka yi rajista da shi. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa, a ranar za ka nemi taimako. Ka kuma lura da lokacin hunturu, da rana ke faɗuwa a garinku kafin ƙarfe 4 a Disamba. Ka riƙa fita ko na rabin awa ne da hantsi.

Ka fara littafin a daren da wasiƙar nan ta same ka, bayan makonni 6 ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah Ya sanyaya zuciya, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Naka amini.