Na rage kilo 14, amma ku tambayi 'yan gidana yadda suka ji

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Na daɗe ina bin shafinku na lafiya, kusan ba ya wuce ni, amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, dalili kuwa rubutun nan da kuka buga makon jiya kan rage ƙiba, wanda kuka jera hotuna biyu na wani bawan Allah, a na farko ga tumbi ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata, a na biyu ya zabge yana washe baki. Ba wai na ce rubutun ƙarya ba ne, a'a, shawarwarin duk daidai suke, a rage zaƙi, a rage maiƙo, a yi tafiya, a sha ruwa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ko layi ɗaya babu kan abin da ke faruwa a zuciyar mutum tsakanin hoton farko da na biyu. Ni na bi hanyar nan da ƙafata, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake roƙon ɗan fili.

Shekara biyu da suka wuce na je gwaji, likita ya ce sugana ya fara hawa, bai zama ciwo ba tukunna amma yana bakin ƙofa. Lokacin kilo 96 nake. Ya ce in rage kilo 6 ko 7 kawai, in riƙa tafiya da sauri rabin awa sau biyar a sati, har ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 masu irin matsalata, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a sati haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58. Magana mai sauƙi ko? To ni ina fita daga ofishinsa na buɗe waya na shiga lissafin nan da ake kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsawonsa, ya nuna min wai mai tsawona sai ya koma kilo 73 kafin a kira shi daidai. Shikenan na watsar da maganar likita na riƙe 73.

Wata ukun farko wallahi daɗi, barci ya gyaru, ina hawa bene ba haki, bel ɗina ya matsa rami biyu. Daga nan ne abin ya fara canza salo ban lura ba. Na sayi sikeli na ajiye a ƙofar banɗaki, kullum da safe sai na zaga tukunna, ban sha ko ruwa ba, in cire kaya har agogo, in hau, in bai min daɗi ba in sauka in matsar da shi kan wani tayil ɗin in sake hawa ko zai canza ra'ayi. Ina da ɗan littafi da nake rubutawa. In ya nuna na sauka da giram 200 ranar kowa abokina ne, in ya nuna na hau da giram 300 to ranar kar ma a gaishe ni. Mutum mai shekara 41 da iyali, amma wani ɗan faranti mai batir ne yake yanke min yadda zan wuni.

Kuma abin haushin, daga baya na gane hawa da saukar nan ta kullum yawanci ruwa ne. Jiki yana ajiye wani kaso na abinci a hanta da tsoka, kowane giram nasa yana riƙe kusan giram 3 na ruwa, ga gishiri, ga rashin barci, ga abin da bai gama fita daga ciki ba, nauyin mutum kan yi wasa da kilo ɗaya ko biyu a kwana ɗaya ba tare da komai ya faru ba. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, ba abin da za ka tara a dare ɗaya ba ne. Ashe duk fushin nan da ruwa nake yi.

Wata safiya na sauko daga kan sikelin fuska a murtuke, sai na ji 'yata mai shekara 7 tana raɗa wa mamanta a kicin, "Umma ki yi a hankali, yau sikeli ya yi wa Abba faɗa." Dariya na yi a lokacin. Bayan kamar sati biyu na fito na tarar da ita a kai, ta cire takalmi da ɗan kunne yadda take gani ina cire agogo, ta shanye ciki, ta ɗago ta ce min "Abba ni ma na yi yawa?" Yarinyar da ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Malam Edita ban san me na amsa mata ba, na dai san na je aiki ranar ban tsinana komai ba.

Ga kuma yunwa, wadda ita ce ba a faɗa. Na saita wa manhajar wayata kalori 1,200 a rana, kuma ina gudu awa guda. Na zama mai saurin fushi, sanyi nake ji ko ana zafi, in ana hira hankalina na kan abin da zan ci da dare da yadda zan lissafa shi, na daina zuwa duk inda na san za a ajiye abinci a gabana, abokai suka fara cewa na yi girman kai. Sai kuma wajen ƙarfe ɗayan dare in tsinci kaina a tsaye gaban firji cikin duhu, ko fitila ba na kunnawa don kar a gan ni, in ci duk abin da hannuna ya taɓa da sanyinsa ba tare da na ji ɗanɗano ba, in koma in kwanta ina zagin kaina, gari na wayewa in ƙara awa ɗaya a gudu wai hukunci. Na ɗauka rashin zuciya ne irin nawa, ragwanci.

Sai da na karanta labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, sannan na ɗan yafe wa kaina. Wani masani Ancel Keys ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, jiki da hankali, da yardarsu, aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata 6 don a gano yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta galabaitar. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, wannan kowa ya zata. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halinsu, suka zama masu ƙunci da faɗa, suka janye daga mutane, ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke suna kallon hotuna, da aka sake su kuma da yawansu suka riƙa ci ba birki. Su fa kusan kalori 1,600 ake ba su. Ni na sa wa kaina ƙasa da haka da hannuna ina kiransa himma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma ni so nake in yi aiki in yi tarbiyya in yi fara'a da ciki wayam.

Shi BMI ɗin da na mayar alƙali ma, ashe wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi tun shekarun 1830, ba likita ba ne, yana nazarin matsakaicin jikin jama'a ne a dunƙule, kuma shi dai wannan Keys ɗin ne ya raɗa masa sunan da muka sani a 1972. Yana da amfaninsa ban musa ba, amma bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai san ƙirar ƙashinka ba, bai san ko ka yi barci ba. Da na kai kilo 82 har yanzu cewa yake na yi nauyi.

Bakin mutane kuma wannan sai haƙuri. Da ina da tumbi, "kai wane ina za ka kai wannan kayan?" Da na zabge, "lafiya kuwa? ko ciwo ka yi?" Mutum ɗaya ne fa ya faɗa min duka biyun, wata takwas tsakani. Masu yabon ma ba su san suna zuba wa wuta fetur ba, duk wanda ya ce na yi kyau sai in ji kamar cewa yake da can abin ƙyama ne ni, sai tsoron komawa ya ƙara kama ni.

Kar kuma a ce matsalar mata ce, ko ta masu ƙiba kaɗai. A jim ɗin da nake zuwa motsa jiki akwai wani yaro ɗan shekara 22, damtsensa ya kai cinyata, amma kullum cikin riga mai dogon hannu yake ko ana zufa, wai kunya yake ji shi ƙarami ne. Bayan kowane ɗagawa sai ya je gaban madubi ya murɗa hannu ya yi tsaki. Wata rana ya tambaye ni a ɓoye ko na san inda ake samun allurar nan ta ƙara ƙwanji. Na ce masa abin da na sani, tana taɓa zuciya da hanta, tana iya rage wa namiji ƙarfin haihuwa, ya gyaɗa kai kawai, ban ga alamar maganar ta shige shi ba. Likitoci sun san wannan yanayin, tun 1993 wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, Harrison Pope, ya rubuta a kai, mutum ƙato ya duba madubi ya ga siriri, kamar yadda mai cutar ƙin cin abinci take ƙashi da fata amma ta ga ƙiba. Ita wannan ta biyun kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, ba iyayi ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka.

Na dawo kan hotonku. Ni da kaina na taɓa ɗaukar irinsa a rana ɗaya don in gwada, da safe na saki ciki na tsaya ƙarƙashin fitila, da yamma bayan jim na shanye ciki na juya gefe kusa da taga, ka rantse wata shida ne tsakani. Balle a zo ga filta. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar mai tallar da kwamfuta, Norway ma ta bi sahu a 2022 har da masu talla a soshiyal midiya. A 2021 kuma takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar sun nuna binciken kamfanin da kansa ya gano cewa cikin 'yan mata matasa da ke jin ba daɗi game da jikinsu, kusan ɗaya cikin uku ta ce Instagram, wanda mallakin kamfanin ne, na ƙara mata damuwar. Yaranmu da wannan suke kwana suke tashi, to in jarida ma ta zo ta ɗora musu hoton mai tumbi yana sunkuyar da kai, me muka koya musu?

Uwargida ce ta tsayar da ni a ƙarshe. Ta ce "ni dai mijina mai tumbi ya fi min wannan baƙon da ke gidan nan, wancan yana dariya." Na koma wurin likita da littafina ina jiran yabo, ya duba sakamako ya ce ai sugana ya daidaita tun ina kilo 89, sauran duk wahalar da kai ce. Sai ya rufe littafin ya tambaye ni ina barci? ina cin abinci tare da iyalina? yaushe rabon da in ci abu ban lissafa ba? Na kasa amsa ko ɗaya. Ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa, na so in ƙi don a tunanina sai wanda ya zare ake kaiwa can, amma na je, zama shida muka yi, magana ce kawai, kuma a nan na fara faɗa wa wani mahaluki zancen firjin nan. Ana cewa an je neman ƙiba an samo rama, ni ramar na je nema kuma na same ta, da ƙarin abin da ban yi oda ba.

Yanzu kilo 86 nake ko kusa da haka, a asibiti ake auna ni duk wata uku. Ina tafiya da sauri minti 40 yawancin ranaku, ina ɗaga ƙarfe sau biyu a sati, wanda dama shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, minti 150 zuwa 300 a sati da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke sarai ba, har gobe in za a ɗauki hoto sai na ji cikina ya shige da kansa, kuma ranar da wando ya ɗan matse ni tsohon tunanin yana leƙowa.

Roƙona Malam Edita, in za ku sake rubutu kan rage ƙiba ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya zauna kusa da masanin abinci, a faɗa wa mutane alamomin da za su gane abin ya wuce gona da iri, irin su hawa sikeli sau da yawa a rana, ɓuya don a ci abinci, gudun taro saboda abinci, motsa jiki ko ana ciwo don tsoron hutu, ga mata kuma ɗaukewar al'ada. Ku daina karɓar tallan shayin nan da ke alƙawarin kilo 10 a sati biyu, da yawansu maganin sa zawo da fitsari ne a ciki, ruwa mutum yake zubarwa. Hoton da da yanzu kuma in ya zama dole, to ku tambayi mai hoton yadda yake barci, ku tambayi matarsa ma, ku buga amsar a ƙasa.

Sikelin nawa yana saman sif, na cire batirin na sa a rimot. Rannan 'yata ta tambaye ni ina ya tafi, na ce mata ya lalace.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum