Wasiƙar Godiya Ga Injiniyoyin Da Suka Gyara Mana Uwar Garken Imel

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin kula da na'urorin sadarwa da ke titin Gidan Zoo, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku baki da baki ba ta gamsar da ni ba, kuma ina son 'yan uwana 'yan kasuwa da ke ajiye uwar garken imel, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar wasiƙun imel, a ofisoshinsu su ji irin aikin da kuka yi mana.

Sana'armu ita ce sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, mu gyara su, mu tura riɗin Turkiyya, zoɓon kuma Meksiko. Takardar farashi da takardar lodi da shaidar lafiyar kaya duk ta imel suke tafiya, kuma idan takarda ta makara, kuɗin ajiyar kwantena a tashar jiragen ruwa ta Legas yana hawa kullum. A daren wata Lahadi cikin hunturun da ya wuce wuta ta ɗauke har batiran inbata suka ƙare. Da safe aka tayar da janareta, kwamfutoci suka kama, wasiƙu suka ci gaba da shigowa kamar yadda aka saba, don haka babu wanda ya kawo komai a ransa. Sai ranar Laraba, da wani abokin cinikinmu ya bugo waya yana neman takardun da sakatarenmu ya rantse ya aika tun Litinin, muka gane cewa babu wasiƙa ko ɗaya da ta fita daga ofishinmu.

Mai gyaran da muka fara kira ya ce na'urar ce ta tsufa, ya rubuta mana kuɗin sabuwa. Saura ƙiris in biya, domin hankalina a tashe yake, sai wani maƙwabcinmu a Bompai ya ce in fara kiran ku tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi injiniyoyinku biyu suka iso, namiji da mace. Babban cikinsu bai taɓa ko waya ɗaya ba sai da ya share ƙurar da ke kan allon, ya buɗe rajistar da Postfix, manhajar da ke aika wasiƙunmu, take rubuta duk abin da ta yi, ya kuma nuna mini layi guda da ya maimaitu ɗaruruwan lokuta, wanda ma'anarsa ita ce ba a samu sunan wurin ba, a sake gwadawa. Ya bayyana mini cewa kafin wasiƙa ta tashi, dole uwar garke ta tambayi tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙira a 1983, wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun sunan da ke bayan alamar @. Amsar tana cikin wani rikodi da ake kira MX, daga nan kuma a nemo lambar adireshin na'urar. Ya ƙara da cewa Postfix, idan ba a canza mata tsari ba, tana riƙe wasiƙar da ta kasa fita na kwana 5 ne kawai sannan ta mayar wa mai ita, wato namu na Litinin da sun fara dawowa ranar Asabar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya raba matsalar gida biyu. Ya rubuta umarnin dig, wanda ake yi wa DNS tambaya da shi, ya tambayi MX na gmail.com, amsa ta fito nan take. Na ce to ai ga shi komai lafiya. Ya juyo ya ce mini, "Ranka ya daɗe, gidan ya san hanya, ɗan aiken ne bai sani ba." Ashe a irin tsarin Ubuntu da muke amfani da shi, Postfix tana aiki ne a killace cikin wani ɗaki nata, ba ta karanta babban fayil ɗin resolv.conf da ke ɗauke da adireshin mai amsa tambayoyin suna, sai kwafin da take ɗauka a lokacin da ta tashi. A safiyar Litinin uwar garken ta riga na'urar rarraba intanet kamawa, don haka Postfix ta kwafi fayil ɗin yana fanko, bayan ɗan lokaci babban fayil ɗin ya cika, ita kuwa ta zauna da nata babu komai a ciki. Ya buɗe fayilolin biyu gefe da gefe, na gani da idona: ɗaya da adireshi, ɗayan fayau. Ya sake tayar da manhajar, ya umarci jerin wasiƙun su tafi, muka zuba ido lambar tana raguwa.

Da wasu ne da a nan za su karɓi kuɗinsu su tafi. Amma abokiyar aikinsa ta lura cewa wasu wasiƙu ƙalilan sun ƙi motsi, ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa katangar tsaron na'urorinmu ta buɗe ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke bi, ga hanyar UDP ta gajerun saƙonni kaɗai, ta rufe ta ga ɗaya hanyar, wato TCP, alhali idan amsa ta yi girma har aka datse ta, ta TCP ake komawa a sake tambaya. Wannan kuskure ya daɗe a tare da mu ba mu sani ba, kuma shi ya warware mini dalilin da ya sa wasiƙunmu zuwa wani banki suke yawan jinkiri tun bara, muna ta zargin bankin a banza.

Na tambaye ta me zai hana mu dogara da 8.8.8.8, mai amsa tambayoyin suna na Google, kamar kowa. Ta ce, "Alhaji, ga kwamfutar gida babu laifi, amma uwar garken imel tana tambayar jerin sunayen masu aika wasiƙun shara irin na Spamhaus, su kuwa ba sa amsa tambayar da ta biyo ta irin waɗannan manyan hanyoyi na kowa da kowa." Saboda haka suka girka mana manhajar Unbound, mai amsa tambayoyin suna, a cikin na'urar kanta a adireshin 127.0.0.1, suka tsara Postfix ta jira intanet ta kama kafin ta tashi, sannan suka kashe komai suka kunna har sau biyu a gabana domin in tabbata. Kafin su tafi sun duba rikodinmu na PTR da SPF da DKIM, waɗanda ake tantance asalin mai aika wasiƙa da su, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsananta wa masu aika wasiƙu a kan waɗannan, suka kuma rubuta wa sakatarenmu a takarda, da Hausa, yadda zai duba jerin wasiƙun da ke jira kowace safiya.

Ranka ya daɗe shugaban ofis, ma'aikatanka sun tarar da ni a shirye nake in sayi na'urar da ba na buƙata, kuma ku ma kuna sayar da irinta, amma ko sau ɗaya ba su kawo zancen ba. Sun yi mini bayani cikin ladabi ba tare da sun raina rashin sanina ba, kuma kuɗin aikin yini guda kawai suka karɓa. Takardunmu sun isa Turkiyya kafin la'asar ta ranar, kuma tun daga lokacin wuta ta ɗauke sau da yawa amma wasiƙa ba ta sake kwana a ofishinmu ba. Allah ya saka muku da alheri, ya sanya albarka a sana'arku, ya ƙara wa waɗannan matasa biyu ilimi mai amfani.

Wassalam.

Naku,
Manajan wani kamfanin fitar da riɗi da zoɓo,
Bompai, Kano.