Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram: a duba mana gine-ginen ƙauye

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Ni talakanka ne daga wani ƙauye a ƙasar Mirriya. Da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a watan Satumba na 2024, har garinmu an yi jimami. Tun ranar nake cewa a raina: idan na kusa da fada ya zube, ina ga namu da ba wanda ya san da zamansa?

Masallacinmu na tubali ne, rufin azara, da bakan gizo a ciki da zankwaye a ka. Haka ma zauren mai gari. Tun 1997 Nijar ke da dokar kare kayan tarihi, a 2006 kuma aka sa Birni da fada cikin wuraren da ƙasa ke nema wa shiga kundin kayan tarihi na duniya na hukumar UNESCO, wanda Agadas ta shiga a 2013. Madalla. Sai dai mu ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa an auna ginin nan ba, balle a rubuta shi.

Ba ruwa ne kaɗai ke cin mu ba, har da siminti. Bara waccan wani ɗan gari da Allah ya buɗa wa ya shafe bangon masallaci da shi, da kyakkyawar niyya, mu ma muka yi ta sa albarka. Ashe siminti ba ya kama ƙasa. Ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, bango na ruɓewa daga ciki, waje kuwa fes. A da kowace shekara gayya ake yi, a jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa, a yi yaɓe kafin ruwan fari. Maginan da suka iya haɗin saura biyu, dukansu da furfura, samari kuwa sun tafi ci-rani.

Ranka ya daɗe, roƙona bai kai kuɗi ba. A umarci hakimai da masu gari su rubuto tsofaffin masallatai da zaurukan ƙasarsu, a miƙa wa ma'aikatar al'adu. Sannan a turo mana Sarkin magina ya duba, ya hana shafa siminti, ya koya wa yaranmu. Maganar fada ta fi takardar ofis shiga kunne a ƙauye.

Indararon gabas ya faɗi tun damina ta wuce, kuma ta nan hadari ke zuwa mana.

Talakanka,
daga ƙasar Mirriya