Kira Ga Matasa Masu Binciken Shaye-shaye Da Taɓin Hankali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, masu bincike kan shaye-shaye.

Yawan masu shan miyagun ƙwayoyi mun riga mun sani. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Abin da likita ke buƙata shi ne wanne ya riga wanne: ƙwaya ce ta jawo ciwon damuwa, ko ciwon ne ya kai yaro ga ƙwaya? Takardar tambayoyi da aka raba rana ɗaya ba za ta amsa wannan ba.

Matashin da ya kwana uku bai sha tiramadol ba, zai zo maka yana zufa, yana hamma, ba barci, ransa a ɓace. Ka auna shi da PHQ-9, wato tambayoyi tara na auna ciwon damuwa, a ranar, maki ya hau, ka rubuta ciwon damuwa, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba. Shi ya sa littafin DSM-5, jagoran likitoci na tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, ya ce a duba ko alamun sun ci gaba kusan wata guda bayan an daina sha. Don haka a auna sau uku: ranar farko, mako na huɗu, sai wata na uku. Wajen ɗaukar tarihi kuma, kada a ce "wace shekara ka fara?" A ce kafin azumi ne ko bayan Sallah, kafin rasuwar baba ko bayanta. Da haka mutane ke tunawa.

A yi hattara da gwajin fitsari. Tsinken da ke kama hodar heroin ba ya kama tiramadol, sai an sayi nasa daban. Kalmar "damuwa" ma tarko ce, domin wanda ake bi bashi da marar lafiya duk ita suke faɗa.

Mata masu shaye-shayen kuwa ba a cika ganinsu a layin asibiti ba, kodin ɗinsu a ɗaka suke sha. Sai an ɗauki mace mai tambaya, a keɓe, ba a gaban miji ko uwa ba.

Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin kashe kai take. Kada wanda ya fita bincike sai ya shirya da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ko na Dawanau ne a Kano ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, inda zai kai wanda ya amsa da "e" a ranar.

Wassalam,
Mai karatunku, Kano.