Edita, Yaranmu Na Zango Da Ƙwaya

Malam Edita, salamu alaikum daga Kumasi. Samarin Aboabo da Asawase suna ta haɗiyar tiramol da wata ƙwayar maye da ake kira red, ga kuma fentanil, wani maganin kashe zafi mai bugarwa, da ya gama da dubban mutane a Amurka, ƙarfinsa ya ninka na hiroyin kusan sau 50, miligiram 2 kacal zai iya kashe mutum kuma ba a gane shi da ido. In ka ga yaro yana wani irin minshari, numfashi ƙasa-ƙasa, ya ƙi tashi, wallahi ba barci ba ne, bar zuba masa ruwa, kwantar da shi ta gefe ka kira lambar gaggawa 112. Wani magani mai suna naloxone ke dawo da numfashi, gwamnati ta ajiye mana shi a kilinik ɗin zango mana. Haɗa ƙwaya da barasar gida akpeteshie kuwa kada a fara.

Mai karatunku, Asawase.