A Koma Alau A Gano Mana

Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira.

Ni tela ne a unguwar Gwange da ke Maiduguri. Na daɗe da lura cewa abin da kuka ɗora a shafin farko, shi ake wuni ana tafka muhawara a kansa a majalisa da teburin mai shayi. Wanda kuka ajiye kuwa, ko na rai da mutuwa ne, nan da nan yake shiriricewa. Shi ya sa na kawo kukana gare ku.

A daren 9 ga Satumban 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga kasuwar Monday da asibitin koyarwa, har fadar Shehun Borno bai bari ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, sai da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi. Kun kawo labarin, mun gode. To amma me ya fi tashe a bakin jama'a? Kadoji da macizan da suka fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, da fursunoni 281 da suka tsere. Ɗan'uwana ya kira ni daga Kano, tambayarsa ta biyu ita ce ko na ga kada da idona.

Ban ga kada ba. Abin da na gani shi ne shagona bayan ruwa ya janye. Shatin laka a bango ya wuce kafaɗata. Kekunan ɗinki sun yi tsatsa, ƙafar ma ta ƙi juyawa. Lokacin kuma ana gab da Maulidi, shago cike da shaddoji da atamfofin mutane, wasu an yanka, wasu ko awo ba a yi ba, duk suka dunƙule suna wari. Masu kayan da yawa sun ce sun yafe, don su ma ba su tsira da komai ba. Maƙwabciyata, bazawara mai 'ya'ya ƙanana, ɗakin haya take ciki, ɗakin ya rushe, mai gida ya ce ba shi da halin tayarwa. Irin wannan labarin ba ya cika shafi, amma shi ne ambaliyar a wurinmu.

Kafin mu gama kwashe laka, zance ya koma kan tsadar man fetur, da ƙudirorin haraji, da rikicin masarautar Kano: wa ke fadar Ƙofar Kudu, wa ke gidan Nasarawa. Ban ce waɗannan ba su da muhimmanci ba, tsadar mai ni ma tana cina a janareta. Sai dai rikicin sarauta yana da masu hura masa wuta kullum, lauyoyi da 'yan siyasa da sojojin baka a rediyo da Facebook. Madatsar ruwa ba ta da mai magana da yawunta. Idan ɗan jarida bai taka ya je ba, ba mai jin ɗuriyarta.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan ba karon farko ba ne. A 1994 Alau ta taɓa yi wa Maiduguri irin wannan ɓarna, dattawanmu suna ba da labari. Shekara 30 ana da damar gyara da sa ido, aka yi sakaci. A watan Mayun 2025 kuma ga Mokwa a jihar Neja, ruwa ya ci mutane fiye da 150, aka yi ta jimami na 'yan kwanaki, aka wuce.

Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran madatsar Alau. Attajirai da gwamnoni sun zo jaje sun sanar da gudummawar biliyoyi. Roƙona, Edita, ka tura wakilinka Alau da kyamara, ya ga inda aiki ya kai, ya tambayi injiniyoyi ko bangon zai iya da ruwan Agusta. Ya zaga Gwange da Fori ya ji wa tallafi ya kai gare shi, musamman 'yan haya. Kuma a ware ɗan gurbi a jaridar nan, ko sau ɗaya a wata, don bibiyar wannan magana har a kammala aikin.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Gwange, Maiduguri